Wai hanta a dama take ko a hagu?

Ɗan Gangare: Salamu alaikum mutanen gida. Dan Allah tambaya gareni amma kar a min dariya. Wai hanta a wane gefe take a jikin mutum? Yau kwana biyar kenan ina jin wani ciwo a gefen hagu ƙasan haƙarƙari, jiya na bi ta kasuwar Terminus nan Jos sai ga wani mai maganin gargajiya da lasifika a bayan mota, na tsaya na masa bayani, ko taɓa ni baiyi ba yace ai hantata ce tayi datti, ya bani wani ruwa baƙi a gora wai na wankin hanta ne in sha safe da yamma kwana bakwai. Ban dai fara sha ba, mai ɗakina ce ta ɓoye gorar tace sai na tambayi waɗanda suka sani.

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. Allah yayi wa matar nan albarka. Ta ƙara ɓoyewa da kyau.

Alhajin Katako: Hanta ai a tsakiya take, saman cibiya kaɗan. Baka ji idan mutum ya tsorata ake cewa hantar cikinsa ta kaɗa ba? To a ina kake jin faɗuwar gaban in ba a tsakiya ba.

Direban Bauchi Road: Ni kuma hagu na sani wlh, kusa da zuciya.

Maman Biyu: Toh fa. Mutum biyu amsa biyu. Ina Baba Mahauci ne, shi da kullum hannunsa na cikin kayan ciki.

Baba Mahauci: Gani nan, yanzu na dawo daga kwata. Ni dai banyi boko ba kuma ban taɓa feɗe mutum ba Allah ya kiyaye, amma tun ina yaro nake wannan sana'a, kuma duk san da na buɗe, duk ragon da na buɗe, hanta a dama take. Hagu tumbi ne ya cinye wajen, saifa na manne a jikinsa. In ka sa hannu ta dama can sama sai ka jita ta lafe a jikin wannan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sai ka yanke abinda ya riƙe ta kafin ta fito. Na mutum kuma sai ɗanmu likita ya faɗa.

Likitan Gobe: Baba ai ka gama magana, ni ɗalibi ne har yanzu kar a ɗora min rawanin da ba nawa ba. Amma a mutum ma haka ne, dama take. Yaya Ɗan Gangare ɗora tafin hannunka na dama a kan haƙarƙarinka na ƙasa, daga ƙasan nono zuwa inda ƙashi ya ƙare, to abinda ke bayan hannunka kusan duk hanta ce. Haƙarƙari ne ya mata rumfa shi yasa mai lafiya baya iya lalubo tasa. Sai dai Alhaji ma bai faɗi ƙasa warwas ba, domin ba dunƙulalliya bace kamar ƙwallo, ta dama ce mai kauri sai ta tafi tana sirancewa ta ratsa ta ƙasan ƙahon zuciya ta ɗan leƙa hagu ta kwanta a kan tumbi. A babban mutum nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi, duk kayan cikin ɗan adam babu wanda ya kaita girma.

Alhajin Katako: Kaji ko. Dama nace tsakiya.

Maman Biyu: Alhaji ranka ya daɗe yaron nan kara ya maka kawai.

Ɗan Gangare: To kenan ciwon da nake ji a hagu ba hanta bane?

Likitan Gobe: Yaya ba zan iya cewa ga abinda ke damunka ta waya ba, in na faɗa na zama ɗaya da mai lasifika. Abinda zan iya faɗa shine mazauna hagu a wajen su tumbi ne da saifa da ƙodar hagu ta baya da wata kwanar babban hanji. Kuma wani abu da mutane basu sani ba, naman hanta shi kansa baya jin ciwo. Jijiyoyin jin zafi a jikin wata siririyar fatar da ta lulluɓe ta suke, sai ta kumbura ta ja fatar nan sannan mutum yaji nauyi ko ciwo a dama, wani ma a kafaɗar dama zai ji.

Baba Mahauci: Wannan fatar na santa. In za'a yi wa mai jego gashin hanta ko wa tsoho mara haƙori ai ita muke sa farce mu ɗaye, kamar leda take, in ka ɗaga ta kana hango haske.

Anti Nos: Sannunku da hira, ina dutin dare ne shi yasa sai yanzu. Maganar da ƙanina ya faɗa ta rashin jin ciwo, dan Allah a riƙe ta da kyau don ita ce take cinye mana mutane. Ƙoda in dutse ya shiga mutum har birgima yake, haƙori kuwa ba'a magana, amma hanta sai ta shekara goma ashirin tana lalacewa mutum na zuwa kasuwa yana cin tuwonsa lafiya lau. Ranar da za'a kawo mana shi ciki ya riga ya cika da ruwa ya yi tulu, ƙafa ta kumbura, hannu ya rame kamar sillen kara, ido yayi rawaya, dangi kuma suna ta rantsuwa wai sati uku kacal da fara ciwon. Ba ƙarya suke ba, sati uku ne da fara gani.

Direban Bauchi Road: Subhanallah. To Anti meye haɗin hanta da ruwa a ciki? Mu a wajenmu in ciki ya kumbura haka cewa ake sammu ne ko an bashi wani abu ya ci.

Anti Nos: Bari ɗan makaranta ya maka, shi karatun na kansa da zafi.

Likitan Gobe: Toh bari in gwada, a min haƙuri zai ɗan yi tsawo. Kusan kowace gaɓa a jiki hanya ɗaya jini ke shigo mata daga zuciya, ita hanta biyu gareta. Ɗaya daga ɓangaren zuciya mai ɗauke da iska, wannan kamar kashi 25 cikin 100 ne kawai na jinin da take samu. Sauran kashi 75 ta wata ƙatuwar jijiya yake zuwa da muke kira fotal, ita kuma daga hanji da tumbi da saifa ta kwaso shi. Ku ɗauka kamar kasuwar Farin Gada ce, duk motar da ta ɗauko kabeji da karas da tumatir daga ƙauye can zata fara saukewa a zaɓa a ware ruɓaɓɓe kafin kaya su shiga gari. To duk abinda hanji ya tsotsa daga abinci, da ƙwayar magani, da giya ga mai sha, da ruwan gorar Yaya Ɗan Gangare, kusan duk nan suke fara sauka kafin su ga sauran jiki. A minti ɗaya jinin da ke ratsa ta ya kai lita ɗaya da rabi. In ya gama ratsawa sai ya fita ta wasu manyan jijiyoyi uku a bayanta ya hau zuwa zuciya.

Yanzu in ciwo ya daɗe yana cinta, naman nan mai laushi sai ya riƙa komawa tabo, ta taurare tayi gudaji gudaji, shine sirosis. Jini yazo wucewa hanya ta matse sai ya taru a baya kamar yadda ruwa ke yi in kwalbati ta toshe da damina. Saifa ta kumbura, ruwa ya fara tsattsafowa cikin ciki. Ga kuma wani sinadari albumin da hanta ke haɗawa wanda shi ke riƙe ruwa a cikin jijiya, in ta gaza sai yayi ƙasa ruwa ya ƙara samun hanyar fita. Wani jinin kuma sai ya nemi ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin maƙoshi na ƙasa, su kuma ba'a yi su don ɗaukar wannan lodin ba, ranar da ɗaya ta fashe shine zaka ga mutum na aman jini. Kuma abubuwan da ke sa jini ya daskare in an ji rauni yawanci ita ke yinsu, kaga an haɗu da biyu.

Direban Bauchi Road: Kai. Wlh haka wani maigidana a tasha ya rasu, aman jini, aka ce jifa ne. Allah ya jiƙansa.

Maman Biyu: Amin ya Allah.

Baba Mahauci: Allah ya masa rahama. Yaro wannan ramukan da nake gani in na yanka hanta kenan su ne hanyoyin? Don in ka tsaga ta zaka ga ƙofofi manya da ƙanana, wasu jini ke fita wasu kuma wani ruwa kore kore.

Likitan Gobe: Su ne Baba. Masu koren su ne hanyoyin ruwan ɗaci.

Baba Mahauci: To bari in baku wani abu da ku 'yan boko baku gani a littafi. Akwai saniyar da in ta yi kiwo a fadama, ka buɗe hantar sai kaga waɗannan hanyoyin sunyi fari sunyi kauri kamar tiyo, wuƙa na bi kana jin ƙaras ƙaras kamar ka yanka yashi, in ka matsa sai wasu tsutsotsi masu faɗi kamar ɗan ganye su fito suna motsi. Irin wannan likitan dabbobi in ya gani cewa yake a zubar, mai dabba yana ji yana gani. Kuma abin mamaki wata saniyar a tsaye ƙatuwa da ita ba zaka ce komai na damunta ba.

Anti Nos: Kaji ko Baba, har a dabba bata faɗa.

Malamar Islamiyya: Ina bin ku a hankali. Ni tambayata madaciya, ita ce ke yin ɗacin ko hanta? Don tun muna yara in ana gyaran kaza ake ce mana a kula kar a fasa ta.

Baba Mahauci: Malama in ta fashe ai nama ya tashi daga aiki, ko ka wanke da ruwa bokiti guda sai ka ji shi a harshe. Yaron da ke koyon aiki a wajena abinda nake fara nuna masa kenan, ka kama wuyanta ka ɗaure ko ka matse sannan ka ɗaye ta daga jikin hanta a hankali. Kuma ku sani raƙumi bashi da ita sam.

Likitan Gobe: Gaskiya ne, doki ma bashi da ita. Malama hanta ce ke yin ruwan, madaciya ma'ajiya ce kawai, 'yar jaka ce a manne a ƙasan ɓangaren dama, abinda take ɗauka bai fi cokali uku zuwa huɗu na cin abinci ba, alhali hanta na yin wajen rabin lita ko fiye a rana. Tana tara shi ta kaurara shi, in anci abu mai maiƙo sai ta matse ta tura shi farkon ƙaramin hanji ya taimaka a narkar da kitsen. Shi yasa ake cire wa mutum madaciya in tayi duwatsu kuma ya ci gaba da rayuwarsa, ruwan sai ya riƙa gangarawa hanji kai tsaye.

Alhajin Katako: To tunda anzo nan bari inyi magana, don naga kun taru kuna neman ku mayar da maganin gargajiya abin banza. Iyayenmu da kakanninmu da me suka rayu? Ni nan nayi shawara ina saurayi, idona kamar an zuba kurkum, babu asibitin da aka kaini, saiwar rawaya aka jiƙa min na sha aka hana ni mai da nama, sati uku na miƙe. Yau shekara nawa. Ba kowane mai magani ne maƙaryaci ba.

Likitan Gobe: Ranka ya daɗe ban ce ƙarya kake ba kuma ban raina na gida ba. Amma shawara ba cuta ɗaya bace, alama ce kamar yadda zazzaɓi yake alama. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, in sun mutu akwai wani launi rawaya da ke fita daga cikinsu, hanta ce ke kwashe shi ta zuba a ruwan ɗaci ya bi bayan gida, shi ne ma ke ba bayan gida kalarsa. To ido zai iya yin rawaya ta hanya uku. Ko jinin ke fashewa da yawa ya fi ƙarfinta kamar a masu sikila ko maleriya mai tsanani, ko ita kanta ce ba lafiya, ko kuma hanyar fitar ce ta toshe da dutse ko ƙari, a nan ne zaka ga fitsari kamar baƙin shayi bayan gida kuma yayi fari fari ga ƙaiƙayin jiki. Irin wadda matasa ke yi daga gurɓataccen ruwa ko abinci, wato ciwon hanta nau'in A, yawanci da kanta take warkewa cikin makonni, ko me ka sha a lokacin shi zai karɓi godiya. Amma wanda dutse ya toshe wa hanya ko ya sha randa guda dutsen na nan.

Alhajin Katako: Wato kana nufin da ban sha komai ba ma zan warke.

Likitan Gobe: Ina nufin mai yiwuwa ne Alhaji.

Alhajin Katako: Yaran zamani. To naji, ban dai yarda duka ba.

Anti Nos: Alhaji ni damuwata ba saiwar da kakarka ta sani ta jiƙa maka bace. Damuwata gorar da ba'a san me ke ciki ba, ba awo ba suna, wani har ƙwayoyin bature yake dakawa ya zuba don a ji aiki nan take. Kuma ba gargajiya kaɗai ba, farasitamol ɗin nan da muke sha kamar gyaɗa in ya wuce ƙa'ida hanta yake kashewa, babba kar ya haura giram 4 a yini, kuma mutane na haɗa maganin mura da na ciwon jiki basu san duk akwai shi a ciki ba. Ga gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a ajiya, akwai guba a jikinsu mai jawo kansar hanta, mu kuma sai a ware masu kyau a kai kasuwa a niƙa ruɓaɓɓun a gida. Maganar wanki kuwa, ita ce mai wankin, ba'a wanke ta.

Maman Biyu: Anti tunda kina nan, nau'in B ɗin fa? Maƙociyata aka gano tana da shi wajen awon ciki, yanzu matan gidan ko kofi basa haɗawa da ita wai ta gumi ake ɗauka. Tausayi take bani wlh kullum tana ɗaki.

Anti Nos: Wannan zalunci ne da jahilci ya kawo. Ba'a ɗauka ta gumi ko cin abinci kwano ɗaya ko gaisawa. Ta jini ne da saduwar aure, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa, sai kayan kaifi da ake haɗawa, askar wanzami, abin yankan farce na masu yawo, reza, allura. A ƙasar nan binciken da aka yi a 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na manya na ɗauke da shi, ki lissafa mu nawa ne a zauren nan. Abinda ya kamata mijinta da yaran suje gwaji, wanda bashi da shi a masa rigakafi. Jaririn kuma ki gaya mata da babbar murya, a masa allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, kar a ce sai anyi suna, domin wanda ya ɗauka yana jariri shi ne ciwon ya fi zauna wa har girma. Ita kuma a riƙa duba ta, akwai maganin da ke danne shi in an ga tana buƙata. Nau'in C ma yanzu warkewa ake da ƙwayoyi na wata uku.

Direban Bauchi Road: Ni fa wani abu naji a rediyo wai ana yanke hantar mutum a dasa wa wani kuma ta sake tsirowa. Nace wannan kuma tatsuniya.

Likitan Gobe: Ba tatsuniya bace Yaya. In ka kalle ta daga gaba kashi biyu zaka gani, babba a dama ƙarami a hagu da wani tantani a tsakani, in ka juya ta ƙasa sai ka ƙara ganin wasu ƙanana biyu, huɗu kenan. Amma wani likitan fiɗa ɗan Faransa, Claude Couinaud, a shekarun 1950 ya bi hanyoyin jinin ciki ya nuna a zahiri yanki 8 ce, kowane yanki da hanyar shigar jininsa da hanyar ruwan ɗacinsa, kamar gidan haya mai ɗaki takwas kowa da ƙofarsa da mitarsa. Shi yasa ake iya cire ɗaki ɗaya ko biyu ko ma gefe guda sauran basu mutu ba. In lafiyayya ce ana iya cire fiye da rabi, abinda ya rage ya ƙara girma cikin 'yan watanni ya kusa cike gurbin, ba wai siffar ce ke dawowa ba, girman ne. Dashen hanta kuwa tun 1967 Thomas Starzl yayi wanda ya ɗore a Denver ta Amurka. Sai dai wadda ta riga ta koma tabo wannan baiwar ta ƙare mata.

Malamar Islamiyya: Tsarki ya tabbata ga Allah. Ashe ba banza ba Bahaushe yace wane da wane kamar hanta da jini.

Baba Mahauci: Mu dai tamu in an yanka bata tsirowa, sai dai mai tsire ya ƙara kuɗi.

Shugaban Zaure: Jama'a sha ɗaya ta wuce, masu fita asuba su kwanta. Ɗan Gangare gobe ka je asibiti a duba ka, ko JUTH asibitin koyarwa na jami'ar Jos ko na kusa da kai, ka dawo mana da labari.

Ɗan Gangare: In sha Allahu. Na gode ƙwarai.

Ɗan Gangare: Salam, na dawo da rahoto kamar yadda shugaba yace. Shekaranjiya naje. Likita ya kwantar da ni ya danna ƙasan haƙarƙarin dama yana cewa in ja numfashi, na tambaye shi dalili yace in huhu ya cika hanta na saukowa ƙasa ne yake so yaji bakinta. Bai ji komai ba. Da ya danna wajen tumbi kuwa sai da na ɗaga. Ya tambaye ni me nake sha nace maganin ciwon jiki kusan kullum in na taso aiki, kuma sau tari ban ci komai ba, yace in daina, ya rubuta min na gyambon ciki in dawo bayan sati biyu. Na roƙa aka min gwajin B da C duk babu, an min allurar farko, saura bayan wata ɗaya sai kuma a wata na shida. Gorar kuma uwargida ta tuttular a kwata, kuɗina dai sun tafi.

Maman Biyu: Alhamdulillah. Maƙociyata ma na karanta mata abinda Anti ta rubuta a gaban matan gidan, mijin yace zai kai yaran.

Alhajin Katako: Barka. Anti wannan gwajin na B, sai mutum bai karya ba ake zuwa ko ko da yaushe?

Anti Nos: Ko da yaushe Alhaji, ci tuwonka ka tafi. Ɗan jini kaɗan ne a yatsa ko a hannu. Ka tafi da su Hajiya gaba ɗaya.

Alhajin Katako: Ba ni zan yi ba, wani nake tambaya wa.

Baba Mahauci: To in wanin zai je ya biyo ta kwata ya ɗauke ni.